Addu'a Maki Nawa Ce?



Wata tambaya ɗana ya yi mini a watan jiya, har yau ban gama juya ta a raina ba, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan mu duba tare. Yaron yana karatun kwamfuta a nan Badun, kuma shi da abokansa biyu, ɗaya ɗan unguwar nan, ɗaya Bayarabe daga Mokola, sun duƙufa wajen haɗa wasan kwamfuta, irin wanda yara ke kira gem. Da ribar goro na sayi kwamfutar, saboda haka ina ganin ina da haƙƙin leƙawa.

Rannan bayan na ja sallar isha'i a masallacin layinmu, na dawo na tarar da shi a zaure. Ya ce, "Baba, ina da tambaya ta malanta." Na ce, "To, yau kuma? Ina jin ka." Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ga wani jarumi da takobi a tsakiyar daji, a saman kansa akwai layuka uku. Ja shi ne ransa, shuɗi shi ne sihirinsa, fari kuma addu'arsa. Ya ce, "Idan jarumin ya jefa sihiri, dodo zai rasa maki 40. To idan ya yi addu'a fa, maki nawa ya kamata ta ba shi? Ba na son sihiri ya fi addu'a ƙarfi, kada a ce na raina addini."

Na yi dariya, na ce ya tashi ya ci tuwo. Amma wallahi daren nan barci bai zo mini da wuri ba.

Bari in fara bayyana wa dattawa irina yadda abin yake, kamar yadda yaron ya yi ta nuna mini a kwanakin da suka biyo baya. Kwamfuta ba ta san komai ba sai lissafi. Duk abin da za a sa a cikin wasa, ƙarfi ne, yunwa ce, tsoro ne, dole a mai da shi lamba. Wannan tsari ya samo asali ne tun kafin kwamfuta ta shiga gidaje, daga wani wasan tebur na Amurka mai suna Dungeons & Dragons da ya fito a 1974. A cikinsa aka raba masu abin mamaki gida biyu: matsafi, wanda ke samun ƙarfinsa ta hanyar karatun littattafan asiri, da kuma mai hidimar abin bauta, wanda ke samun nasa daga abin da yake bautawa. Daga baya wasannin kwamfuta suka gaji wannan rabo. Shuɗin layin nan ma yana da suna, wai "mana". Na ce, "Mana me?" Ya ce ba Hausa ba ce, kalmar mutanen tsibiran tekun Fasifik ce, tana nufin wani ƙarfi na ɓoye, wani ɗan mishan Bature ya rubuta a kanta a 1891, daga nan ta yi ta yawo har ta faɗo cikin wasanni.

Ya nuna mini wani wasa na Ingila, RuneScape, wanda ya fito a 2001. A can, addu'a sana'a ce da ake ƙwarewa a kanta ta hanyar binne ƙasusuwa. Idan ka kunna addu'ar kariya, makaman abokan gaba ba sa cin ka, amma makin addu'ar yana ta zurara kamar man fetur, in ya ƙare sai ka koma wurin bauta ka cika tanki. Ya nuna mini wani na Japan, Elden Ring, na 2022, inda imani lamba ce: in imaninka bai kai adadi kaza ba, wata addu'ar ba za ta kama maka ba. Ka ji fa, an auna imani da mudu.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne in ce ya goge komai. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da aka lissafa a hadisin Bukhari da Muslim, me zai kai ɗan limami ga zana shi? Sai na tuna da kakata. Ita ce ta cika mana kunne da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, da 'yar sarkin da aka mayar tsuntsuwa, kuma ba ta taɓa barin sallar dare ba. Na tuna a makaranta mun karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, duk cike da aljannu da abubuwan al'ajabi, babu wanda ya fita daga karatunsu ya zama boka. Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da igiyoyinsu da sandunansu. Ba da labarin sihiri daban, yin sihiri daban. Yaron da ya danna madanni wuta ta fito daga hannun wani zane bai yanka wa kowa baƙin zakara ba. Abin da za a duba shi ne yadda labarin ya nuna sihirin, ko ya ƙawata shi ko ya faɗi gaskiyarsa, kuma zan dawo kan wannan.

Da na natsu, sai na ga ashe shuɗin layin da na ji tsoro shi ne mai sauƙin sha'ani. Farin layin nan, wanda yaron ya sa da kyakkyawar niyya don ya girmama addini, shi ne mai haɗarin.

Ga dalili. Mu 'yan kasuwa mun san mutum biyu da ke zuwa rumfa. Na farko ya zo da kuɗinsa, ya ajiye, ya ɗauki huhun goronsa. Ba ya gode maka sai don ladabi, kuma in ka hana shi kayan bayan ka karɓi kuɗi, yana da ikon kai ka gaban Sarkin Hausawa. Na biyu ya zo hannu sake, ya durƙusa ya ce, "Maigida, a taimaka mini." Kana iya ba shi abin da ya roƙa, kana iya ba shi wani abin da ka ga ya fi masa amfani, kana iya ce masa ya dawo jibi. Ikon yana hannunka, shi ma ya san haka, shi ya sa ya durƙusa.

Sihiri irin na farko ne. Boka yana cewa kawo kaza da kaza, ka faɗi kalma kaza sau kaza, aiki zai ci. Ciniki ne, kuma abin da yake sayarwa shi ne tabbas. Tabbas ɗin ma na ƙarya ne, domin aya ta 102 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci Haruta da Maruta, ta bayyana cewa masu sihiri ba sa iya cutar da kowa sai da izinin Allah. Addu'a kuwa irin na biyu ce. Roƙo ce, kuma wanda ake roƙo babu mai tilasta Shi. Yaron ya ce mini wani masani ɗan Birtaniya, James Frazer, ya yi irin wannan bambancin a littafinsa da ya fara fitowa a 1890, cewa matsafi umarni yake bayarwa, mai addini kuwa roƙo yake yi. Na ce madalla, amma mu tun muna 'yan Islamiyya aka koya mana. A hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito, an nuna cewa addu'ar Musulmi tana samun ɗayan uku: ko a ba shi abin da ya roƙa, ko a ajiye masa sai lahira, ko a kawar masa da wata musiba kwatankwacinta. Biyu daga cikin ukun nan ido ba ya ganinsu. Annabi Nuhu ya yi kira ga Ubangijinsa game da ɗansa, ɗan bai tsira ba. Annabi Zakariyya sai da ya tsufa tukuf aka ba shi Yahaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi abu uku saboda al'ummarsa, aka ba shi biyu aka hana shi ɗaya, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

To, idan ka haɗa wasa wanda duk lokacin da aka danna "addu'a" sai rai ya ƙaru da maki 50, me ka haɗa? Ka haɗa sihiri na biyu ne, ka sa masa farar riga da rawani. Yaron da ya danna wannan madanni sau dubu yana koyon wani darasi ba tare da an furta masa ba: addu'a na'ura ce, in ta ƙi aiki to ta lalace.

A nan ne maganar ta daina zama ta yara ta dawo kaina. Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya, wannan farin layin ba Turawa ne suka fara zana shi ba, yana nan a zukatan da yawa daga cikinmu. Sau nawa mutum ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, wace ce addu'ar kasuwa, kuma ƙafa nawa ake yi?" Bayan mako biyu ya dawo ya ce, "Malam, ba ta yi ba, ko akwai wadda ta fi ta zafi?" Kamar dai wanda ya sayi maganin sauro. Daga ni sai ya wuce wurin wani, daga can sai wurin wanda zai ce ya kawo ƙasar ƙofar shagon maƙwabcinsa. Hanyar daga addu'a zuwa tsafi gajeriya ce ga wanda tun farko tabbas yake nema.

Ni ma ban kuɓuta ba. Shekarun baya na tara jarina kusan duka na loda goro zuwa Arewa. Na yi duk addu'o'in da na sani, na yi sadaka, na sa almajirai suka yi sauka. Motar ta lalace a hanya, ta kwana biyar a rana, kafin kaya su isa goron ya bushe, sankara ta cinye saura. Abin da ya fito daga zuciyata a ranar, ina jin kunyar faɗinsa, shi ne: "Amma ai na yi komai." Kun ji maganar mai ciniki. Na biya, ina kayana? Ashe duk tsawon lokacin nan la'ada nake jira, ina kiranta lada. Na fi wata guda ina jan mutane salla da wannan ƙullin a ƙirjina kafin Allah Ya warware mini shi. Kuma da na bincika, direban da na ba kayan kowa a tasha ya san motarsa ta gaji, araha ce ta ja ni. Hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali, wanda Tirmizi ya ruwaito, na sha karanta wa mutane shi, ban karanta wa kaina ba.

Wani zai ce, to Malam, ai addininmu ma cike yake da lissafi: raka'a huɗu, tasbihi 33, sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya da daraja 27. Gaskiya ne. Amma lambobin nan suna auna aikin da aka ɗora mana ne da alkawarin falalar da Mai bayarwa Ya yi don karamcinsa, ba su zama rasit a hannun bawa ba. Karɓar aikin tana rataye da niyya da halin mutum, wanda babu mai ganinsa sai Shi. Ku tuna hadisi na goma a Arba'una, na matafiyin nan mai ƙura a jiki da ke ɗaga hannu sama, alhali cinsa da shansa da tufafinsa duk haram ne. Ya cika siffar mai roƙo tsaf, amma an nuna da wuya a amsa masa.

Na kai wa yaron wannan bayani ina jin na gama da shi. Ashe shi ma ya shirya. Ya ce, "Baba, na ji. To bari in sa ya zama wani lokaci addu'ar ta ci, wani lokaci ta ƙi, kwamfuta ta riƙa zaɓa da ka." Na ce wannan kuma ya zama jefa ƙwayar ludo, ka fitar da addu'a daga shagon boka ka kai ta gidan caca. Allah ba da ka yake hanawa ko bayarwa ba, da hikima ne da sani.

Ya ce to akwai wani tsohon wasa, NetHack, na 1987, da ya yi ƙoƙarin gyara wannan. A can, in jarumi ya shiga matsananciyar wahala, misali ransa ya ragu ƙasa da kashi ɗaya cikin bakwai ko yunwa ta galabaitar da shi, yana iya yin addu'a a cece shi. Amma in ya cika roƙo a kai a kai, ko ya aikata abin da ya ɓata sa'arsa, abin bautar zai yi fushi ya hukunta shi, kuma ba a nuna wa mai wasa lissafin. Na ce wannan ya fi kusa, sai me ya faru? Ya yi dariya ya ce masu wasan sun tono lissafin, kowa ya san in ka jira wajen taku 1000 tsakanin addu'a da addu'a ka tsira. Na ce to ka gani. Duk abin bautar da kai ka rubuta masa dokar da zai bi, yaronka ne, kai ne maigidansa. Ko ka ɓoye dokar, tana nan, wani zai tono ta. Shi ya sa Ubangiji ba Ya shiga kwamfuta, kuma duk wanda ya ce zai sa Shi ciki, wani abu daban ya sa.

Daga nan muka yi yarjejeniya ta farko: babu sunan Allah, babu aya, babu kiran salla a matsayin kayan ado ko makami. Manyan kamfanoni ma sun ƙone hannu a nan. Wasan Zelda na 1998 ya fito da wani sauti mai kama da karatun Musulmi a cikin wani gidan wuta, aka cire shi a bugun baya. A 2008 kamfanin Sony ya janye wasan LittleBigPlanet ya jinkirta fitowarsa, saboda wata waƙar makaɗin Mali Toumani Diabaté da aka sa a ciki tana ɗauke da kalmomin Alƙur'ani. A 2021 masu Call of Duty sun nemi gafara bayan an ga shafukan Alƙur'ani a warwatse a ƙasa cikin wasansu. In waɗanda ba su san darajar abin ba sun ja da baya, ɗan Sabo ba shi da uzuri. Na kuma ba shi shawarar kada ya ƙirƙiro gumakan da mai wasa zai riƙa durƙusa musu don ya ci gaba. Fatawa ta manyan malamai ce, ni shawarar uba na bayar.

Sai ya yi tambayar da ta fi duka nauyi: "Baba, in addu'a ba ta ba da komai a wasan, babu wanda zai danna ta. Kuma yara za su ga mai sihiri yana cin nasara, mai addu'a yana zaune. Wannan bai fi muni ba?"

Mun kwana uku a kan wannan, har abokinsa Bayaraben, wanda Kirista ne, ya shigo ciki ya ce shi ma mahaifiyarsa irin wannan faɗan take yi da masu neman mu'ujiza ta gaggawa. Ga inda muka tsaya. Sihiri zai yi aiki a wasan, nan take, amma da sharaɗi, kamar yadda yake a labaranmu. Duk wanda ya ji labarin layar zana ko maganin ƙarfe ya san ba a bayar da su sai da "kada ka ci kaza, kada ka tsallaka kaza". Jarumin da ya karɓi asiri ya ci bashi ne, sharuɗɗan suna ƙaruwa, mutanen gari suna gudunsa, kuma mai bashin zai zo karɓa a lokacin da ba a shirya ba. Farin layin kuwa an goge shi gaba ɗaya. Jarumin yana iya tsayawa ya ɗaga hannu, kiɗa ya yi shiru, gari ya waye, ba lambar da za ta motsa. Abin da wasan zai riƙa lissafawa shi ne abin da mutane ke iya gani: ya mayar da amanar da aka ba shi, ya raba ruwansa da matafiyi, ya cika alkawari. Waɗannan su ne za su buɗe masa ƙofofin da sihiri ba ya buɗewa.

Na ɗauka mun gama, sai ɗan unguwarmu, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Baba Malam, to ai wannan ma ciniki ne. Mai wasa zai yi kirki ne don a buɗe masa ƙofa." Na yi shiru, don ya faɗi gaskiya, wannan ita ce riya da muke wa'azi a kanta. Abin da suka yi shi ne suka sa wasu ayyukan alheri waɗanda ke cin dukiyar jarumi kuma ba sa dawo masa da komai har wasan ya ƙare, ba tare da an gaya wa mai wasa waɗanne ne ba. Na san wata rana wani zai tono su ya rubuta a intanet. Kwamfuta iyakarta ke nan. Ɗana kuma yana fargabar wasan ba zai samu masu saye ba, tunda yara sun saba da a danna a gani. Wataƙila yana da gaskiya, kuma kuɗin gorona ne a ciki. Na ce masa na taɓa asarar mota guda, wannan ba za ta kashe ni ba.

Iyaye 'yan uwana, yaranmu suna cikin wasannin nan, a waya, a shagunan gem na bakin titi, ko mun so ko mun ƙi. Fasa waya ba ya goge abin da ya riga ya shiga kai. Ku zauna kusa da su ku ce su nuna muku, ku tambaye su me wannan layin yake nufi, wa ake roƙo a nan, me ake biya. Za ku sha mamakin abin da suka sani, wataƙila kuma ku ji tambayar da za ta hana ku barci kamar yadda aka yi mini. Sharaɗi ɗaya na ƙara wa nawa, na ce duk wanda ke tsara addu'a a kwamfuta har sallar asuba ta wuce shi a jam'i, zan karɓe cajar. Ya zuwa yanzu sau ɗaya na karɓe.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu roƙe Shi roƙon bayi, Ya ba mu haƙurin jiran zaɓinsa, Ya tsare mu daga bokaye na waje da na cikin zuciya. Allah Ya ba Sabo da maƙwabtanmu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.